Yadda Ake Haɗa Allon Fedodin Jita da Kuɗi Kaɗan

Duk wanda ya taɓa zura ido ya kalli makaɗin jitar lantarki a kan dandamali zai lura cewa ba yatsunsa kaɗai ke aiki ba. Lokaci zuwa lokaci yakan miƙa ƙafa ya taka wani ɗan akwatin ƙarfe da ke gabansa, nan take sai muryar jitar ta sauya, ko ta koma gurnani, ko ta riƙa maimaita kanta kamar kuwwa a cikin kwazazzabo. Waɗannan 'yan akwatuna su ake kira fedodi, domin da ƙafa ake sarrafa su kamar fedar keken ɗinki. Idan suka kai huɗu ko biyar, akan jera su a kan allo guda, a ɗaure su, a haɗa wayoyinsu sau ɗaya, yadda makaɗi zai saɓi abinsa ya tafi gidan biki ba tare da ya yi ta ƙullawa da warwarewa ba.

Kamfanoni na sayar da irin wannan allo da tsada, kuma kafin ya iso Nijeriya ko Nijar kuɗinsa ya ƙara hawa. Alhali kuwa ɗalibin sakandare da ya san dokar Ohm, ya kuma iya riƙe zarto, zai iya haɗa shi. Sai dai yawancin masu farawa sukan ƙarar da 'yan kuɗinsu wajen ƙawata katako, su bar wuta da wayoyi ga abin da ya saura, sa'an nan su yi mamakin allon da ke ƙugi kamar rumfar injin niƙa. Kamata ya yi a juya lissafin: katako na iya zama guntun da kafinta ya yar, amma tushen wuta da wayoyi su ne za a kashe wa kuɗi da hankali.

Ƙera kayan kiɗa da abin da ke hannu ba baƙon abu ba ne ga makaɗan jita na yankin Sahel. Mdou Moctar na ƙasar Nijar, wanda ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008 kafin sunansa ya zaga duniya, da katako da wayoyin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Abin da ke gudana a cikin waya

Jitar lantarki ba ta dogara da ƙoƙon da zai ƙara wa tsirkiya murya, kamar yadda ƙwarya ke yi wa goge da gurmi. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta, waɗanda na ƙarfe ne, akwai wata na'ura da za a iya kira kunnen jita. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe mai kaurin da bai wuce na gashin kai ba, naɗi wajen 8,000. Idan tsirkiya ta kaɗa a kusa da maganaɗisun, sai ta dama filinsa, wannan damawa kuma ta haifar da lantarki a cikin naɗin, daidai da abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831. Lantarkin yana kai da komo ne gwargwadon kaɗawar tsirkiya: mafi kaurinta tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, ta kusa da ita sau 110, mafi sirantarsu kuwa sau 330. Ma'aunin wannan kaɗawa shi ake kira haz.

Abin lura shi ne ƙanƙantar wannan lantarki. Yawanci bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na bolt ɗaya ba, sai in an doki tsirkiya da ƙarfi ne zai kusanci bolt guda. Wutar gida kuwa bolt 230 ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kuma kowace waya da ke cikin bango tana yaɗa filinta cikin ɗaki. Saƙon jita tamkar raɗa ne a tsakiyar kasuwa, kuma duk aikin allo shi ne ya kai wannan raɗa ga amfilifaya ba tare da hayaniyar kasuwar ta bi shi ba.

Fedar gurnani ita ta fi kowace tsananta wannan matsala, don haka ya dace a san yadda take aiki. Asalinta haɗari ne. A birnin Nashville na Amurka, ana cikin ɗaukar wata waƙar Marty Robbins da ta fito a 1961, sai wani sashe na na'urar ɗaukar murya ya lalace, jitar Grady Martin ta fito da wata irin shaƙaƙƙiyar murya. Aka bar ta haka, jama'a kuma suka so ta. Injiniyan ɗakin, Glenn Snoddy, ya ƙera da'irar taransisto da ke kwaikwayon wannan lalacewa, kamfanin Gibson ya fitar da ita a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Ba ta yi kasuwa sosai ba sai a 1965, da Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones ya yi amfani da ita. Cikin 'yan shekaru wannan murya ta iso Legas, inda ake jin ta a faifan farko na Ofege, 'yan makarantar St. Gregory's College, wanda ya fito a 1973.

Abin da fedar ke yi abu biyu ne. Da farko tana ninka saƙon, a wasu fedodin fiye da sau 100. Sa'an nan ta datse shi. Idan aka zana saƙon tsirkiya a takarda, zai fito kamar jerin tuddai da kwaruruka masu santsi. Fedar kan sare kan kowane tudu da gindin kowane kwari, galibi ta hanyar dayod guda biyu da aka haɗa kai da ƙafa, domin dayod ɗin silikon ba ya barin lantarki ya haura kimanin bolt 0.6 a tsakanin ƙafafunsa. Masanin lissafi na Faransa, Joseph Fourier, ya nuna tun farkon ƙarni na 19 cewa duk igiya mai maimaituwa tarin igiyoyi ne masu santsi. Saboda haka igiyar haz 110 da aka datse ta sama da ƙasa daidai wa daida, sai ta haifi 'ya'ya masu haz 330, da 550, da 770. Tarin waɗannan 'ya'ya ne kunne ke ji a matsayin gurnani. To, amma feda ba ta san bambancin kiɗa da ƙugi ba. Ƙugin da bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na bolt ba, in ya shiga ta, zai fito da ƙarfin da ya kai na jitar kanta.

Katako

Nan aikin ba shi da wuya. Ƙananan fedodin kamfanin Boss na Japan, waɗanda suka fara fitowa a 1977, faɗinsu milimita 73 ne, tsawonsu 129, kuma yawancin na sauran kamfanoni ba su yi nisa da haka ba. Idan aka ƙara wa kowace santimita 4 domin kawunan wayoyi, fedodi biyar za su zauna a allo mai tsawon santimita 60. Kafin a taɓa zarto, a jera fedodin a kan kwali da wayoyinsu a jiki, a zana iyakarsu, domin kan waya yakan ci wurin da ido bai zata ba. Falankai uku sirara da aka bar ratar yatsu biyu a tsakaninsu sun fi allo shafaffe, saboda wayoyi za su bi ta ratar su ɓuya a ƙasa. A ɗora su a kan ƙafafu biyu masu gangare, baya ya kai santimita 8, gaba ya tsaya a 3, a liƙa guntun robar tsohuwar taya a ƙarƙashi don kada allon ya zame a kan siminti.

Wajen ɗaure fedodi, abin da aka saba da shi shi ne Velcro, mannen nan mai ƙaiƙayi da ke jikin takalman yara da jakunkunan makaranta. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, ya ƙirƙiro shi bayan da ya duba 'ya'yan wata ciyawa da suka maƙale wa karensa a 1941, ya ga ashe ƙananan ƙugiyoyi ne. Wanda ya taɓa ratsa ƙarangiya da dogon wando ba ya bukatar ƙarin bayani. Sai dai gam ɗin da ke bayansa yakan saki a zafin bazara, ƙurar hunturu kuma ta cushe gashinsa, don haka a ƙara masa ƙananan ƙusoshi a ɓangaren katako. Akwai ma dabarar da ta fi wannan ƙarko, kuma kusan kyauta ce. A karɓo tsohuwar sarƙar keke wurin mai gyara, a ɓalle 'yan faifanta masu huda biyu. A kwance noti ɗaya na gindin feda, a sa faifan, a mayar da notin, ɗaya hudar kuma a ɗaure ta a jikin katako.

Wuta, inda ake asarar fedodi

Kusan duk ƙananan fedodi suna aiki ne da bolt 9 na wuta mai tafiya hanya ɗaya, irin ta batir. Bambancinsu yana wajen yawan abin da suke sha, wanda ake aunawa da miliamfiya. Fedar gurnani mai sauƙin da'ira takan sha tsakanin 4 zuwa 10, fedar amsa-kuwwa mai ƙwaƙwalwar kwamfuta takan sha 50 ko fiye, wasu manyan na zamani har 300. Batir mai kusurwa huɗu na bolt 9, idan mai kyau ne, yana ɗauke da kimanin miliamfiya 500 na awa guda. A raba 500 da 5, za a ga fedar gurnani za ta yi awa 100. A raba da 60, fedar amsa-kuwwa ba za ta wuce awa 8 ba. Ga kuma wani sirri da ke cinye batir a banza: a yawancin fedodi, cusa wayar jita a ramin shiga shi ne ke kunna batir, ko da fitilar fedar a kashe take. Fedodin da ke ɗaure a allo kuwa wayoyinsu kullum a ciki suke. Shi ya sa allo ke bukatar tushen wuta guda.

A nan ne tarko yake. Kan wayar da ke kai wa feda wuta bututu ne mai rami a tsakiya, kuma kamanninsa ɗaya da na adaftar dikoda da na'urorin intanet na gida. Amma a mafi yawan kayan gida tsakiyar ce ke ɗauke da alamar tarawa, a fedodi kuwa tsakiyar ce ke da alamar ɗebewa, gefen waje ke da tarawa. Kan zai shiga lafiya lau, wutar kuma ta shiga a juye. Wasu fedodin suna da dayod mai kariya, amma shi ma yakan ƙone in abin ya daɗe, wasu kuwa daƙiƙa ɗaya ta isa ta kashe su. Har ila yau akwai adafta masu arha da aka rubuta wa bolt 9, amma in ba a ɗora musu kaya ba sai su ba da 12 ko fiye, akwai kuma masu ba da wuta mai kai da komo. Rubutun jikin adafta ba hujja ba ne. A auna da na'urar awon lantarki ta ɗakin gwaje-gwajen makaranta ko ta mai gyaran rediyo, a tabbatar da lamba da kuma alama, kafin a kusanci feda.

Ga wanda ke zaune inda wutar gari ba ta da tabbas, akwai hanyar da ta fi adafta tsabta. A samo ƙaramin batir na bolt 12, irin na babur ko na sola, da wata 'yar na'ura mai ƙafa uku da ake kira 7809, wadda masu sayar da kayan gyaran rediyo suka sani. Idan aka fuskanci rubutunta, ƙafafu na kallon ƙasa, ta hagu ce mashiga, ta tsakiya ta haɗu da alamar ɗebewa, ta dama kuma ta fitar da bolt 9 cif, muddin abin da ke shiga bai gaza 11 ba. A sa ƙaramar kondensa mai maikirofarad 0.33 a mashiga, da mai 0.1 a mafita. Rarar bolt ɗin zafi take komawa: idan batir na ba da 12.6, fedodi na shan miliamfiya 200, to 3.6 sau 0.2 ya ba da wat 0.72, wanda ya isa ya sa na'urar ta ƙona yatsa, don haka a ɗaura ta a jikin guntun alminiyam. Wajibi ne a sa fis na amfiya 1 dab da bakin batir, domin irin wannan batir, in wayoyinsa suka haɗu, zai iya narka roba ya tayar da gobara a ƙarƙashin busasshen katako. Batir mai amfiya 7 na awa guda, a lissafi zai yi awa 35, kodayake an fi so a yi masa caji tun bai wuce rabi ba. Da yake batir ba ya kai da komo, babu ƙugin da zai shigo ta wannan ƙofa.

Raba wutar ga fedodi da waya ɗaya mai kawuna da yawa yana yiwuwa, sai dai da sharaɗi biyu. Feda mai ƙwaƙwalwar kwamfuta tana fizgar wuta ne a gutsure, da sauri ƙwarai, kuma da yake wayar komawa ɗaya ce ga kowa, dokar Ohm ta nuna cewa wannan fizga za ta bar ɗan sawu a kanta, fedar gurnani kuma ta ninka shi ya zama tsuwa. In haka ta faru, a ware mata nata tushen. Sharaɗi na biyu ya shafi tsofaffin fedodi irin Fuzz Face na 1966, wadda Jimi Hendrix ya shahara da ita. Samfurinta na farko mai taransiston jameniyam an gina shi ne a juye, alamar tarawa ce ke haɗe da jikin akwati. In aka haɗa ta waya ɗaya da sauran, wutar za ta yi gajeren zango. A bar mata batirinta, tunda ba ta da ci. A kuma kiyaye ta daga rana, domin yoyon lantarki a jameniyam yakan ninka kusan duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, fedar da aka saita da sanyin asuba kuwa ba lalle ta yi murya ɗaya da azahar ɗin watan Afrilu ba.

Wayoyi da jeri

Wayar jita ba wayar fitila ba ce. Tana da zare ɗaya a tsakiya mai ɗauke da saƙo, da saƙar jan ƙarfe da ta lulluɓe shi, wadda ke tare filin lantarkin ɗaki. Sayen 'yan mitoci na irin wannan waya da kawuna masu lanƙwasa, a yanka a haɗa da dalma, ya fi sayen haɗaɗɗu arha da inganci. Zaren tsakiya ya tafi tsinin kai, saƙar ta tafi jikinsa. Haɗin dalma mai kyau yakan yi sheƙi, mai duhu da gurje-gurje kuwa shi ne zai yanke ana tsakiyar biki. A yi aikin inda iska ke shiga, a kuma wanke hannu bayan an gama, domin dalma guba ce.

Tsawon waya ma yana da tasiri. Zare da saƙa ƙarafa biyu ne da roba a tsakani, wato kondensa ke nan, mai kimanin fikofarad 100 a kowace mita. Wannan kondensa da naɗin kunnen jita suna haɗuwa su fifita wani amo, duk abin da ke sama da shi kuma su danne shi. Ga kunne mai henri 2.5 da waya mai mita 5, amon yana wajen haz 4,100. In saƙon ya ratsa mita 5 zuwa allo, mita 1 a cikinsa, da wata 5 zuwa amfilifaya, sai ya sauko wajen 2,900, jitar ta yi kamar an lulluɓe ta da bargo. Maganin shi ne feda mai bafa, wato da'irar da ke karɓar saƙo ba tare da ta nauyaya wa jita ba, ta tura shi gaba da nata ƙarfin. Fedodin Boss suna da ita ko da a kashe suke, don haka guda ɗaya a farkon jeri ta wadatar.

Jerin da aka saba shi ne fedar saita tsirkiya, sai fedar wa-wa, wadda ta samo sunanta daga kukan da take yi, ba daga wauta ba, sai ta gurnani, amsa-kuwwa kuma a ƙarshe. Dalilin yana cikin littafin lissafi na aji uku. Ninka jimlar lambobi biyu da kanta bai yi daidai da ninka kowace da kanta a tara ba, akwai ƙarin da ke fitowa daga cuɗanyarsu. Haka fedar gurnani take. In amo biyu suka shiga ta tare, sai ta haifar da jimlarsu da bambancinsu. Haz 110 da 165 za su ba da 275 da 55, kuma da yake 55 rabin 110 ne, kunne zai ji daɗi. Amma in amsa-kuwwa ce a gaba, amon da ya wuce zai cakuɗu da sabo a cikin gurnani, su haifi amon da ba su da dangantaka da waƙar. Wasu makaɗa da gangan suke son wannan hargitsi, kuma babu abin da zai ƙone don an gwada.

Abu ɗaya ne ba a gwadawa. Tsirkiyoyin jita suna haɗe da saƙar waya, saƙar kuma tana haɗe da jikin amfilifaya, wanda ke cin wutar gari. Wasu sukan cire ƙafa ta uku ta fulogi, wato wayar ƙasa, don sun ga ƙugi ya ragu. In wani abu ya lalace a cikin amfilifayar, bolt 230 zai hau tsirkiya, jikin makaɗi ya zama hanyarsa ta zuwa ƙasa. Bolt 9 ba zai iya tura ko miliamfiya 1 ta busasshiyar fata ba. Amma jiki mai gumi, ƙafa ba takalmi a kan siminti, turjiyarsa na iya sauka zuwa om 1,000, wato miliamfiya 230, alhali 50 zuwa 100 sun isa su rikita bugun zuciya. Les Harvey ya rasu ta sanadin wutar lantarki a kan dandamali a Swansea a 1972, Keith Relf na ƙungiyar Yardbirds kuma a gidansa a 1976, yana riƙe da jita. Ɗalibi ya tsaya ga ɓangaren bolt 9 da 12, ya bar cikin amfilifaya ga gwani, domin manyan kondensoshinta na riƙe wuta ko bayan an zare fulogi.

Idan an gama haɗawa, kada a kunna komai gaba ɗaya. A fara da jita kai tsaye zuwa amfilifaya a saurara, sa'an nan a riƙa ƙara feda ɗaya bayan ɗaya, yadda mai kawo hayaniya za ta tona kanta. Wayar wuta da ta saƙo kada su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, in dole su haɗu to su gicciye juna. Kunne ma na'urar bincike ne. Ƙugin da ke raguwa idan aka taɓa tsirkiya na filin ɗaki ne, wanda ke ƙaruwa kuwa yana nuna an juya zare da saƙa a wani wuri. Wanda ke sauyawa idan makaɗi ya juya jikinsa, kunnen jita ne ke tsinto shi daga wata taransfoma ko fanka da ke kusa. In kuwa ƙugin yana hawa yana sauka da kansa, a leƙa waje: janareta ne ke sauya gudu duk lokacin da aka ɗora masa kaya, yana kauce wa haz 50.